Tsirkiyar Jita: Yadda Za Ka Kare Ta Daga Gumi, Ƙura Da Tsatsa

A filin amsa tambayoyi na makon jiya, wani matashi makiyayi daga arewacin Tawa ya aiko mana da saƙon murya. Ya ce ya sayi sababbin tsirkiyoyi ya ɗaura wa jitarsa, wata guda bai cika ba suka yi baƙi, muryarsu ta dushe, ƙarshe siririyar ta tsinke ana tsakiyar wasan biki. Kasuwar da zai sami wata kuwa tafiyar yini biyu ce. Tambayarsa ita ce: jabu aka sayar masa, ko laifin hannunsa ne? Da yake mutane da yawa sun roƙi a maimaita amsar, ga ta nan a rubuce.

Jita, wadda a ɓangaren Nijar aka fi kira gitar, ba baƙuwa ba ce a rugage da zangonnin Sahel. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta arewacin Mali, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mdou Moctar na jihar Tawa shi ma da wayar keke ya fara. Wato tun asali, a wannan yanki namu, tsirkiya ce abu mai wuyar samu. Gangar jita takan yi shekaru a hannun mutum, tsirkiya kuwa kullum cikin ƙarewa take. To me ke cinye ta?

Abin da ke kashe tsirkiya

Yawanci ba kaɗawa ba ce ke kashe tsirkiya, abin da aka bari a kanta bayan an gama kaɗawa ne. Jita tana da tsirkiya 6. Sirarran zallar waya ce ta ƙarfe, mafi sirantar kaurinta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne. Masu kaurin kuma waya ce a tsakiya, aka naɗe ta da wata siririyar waya ta tagulla ko mai ruwan nikel. Tsakanin naɗi da naɗi akwai 'yan ramuka da ido ba ya gani sosai, kuma nan ne datti ke samun mazauni.

Gumin hannu ruwa ne da gishiri. Makiyayi ya fi kowa sanin abin da gishiri da kanwa ke yi wa kwanon ƙarfe in an bar su a ciki da laima: kafin a ankara tsatsa ta huda shi. Haka gumi ke yi wa tsirkiya. Ka haɗa da maiƙon fata, da na nonon da ka tatsa, da sukarin shayin da ya manne a yatsa, sai ƙurar hunturu ta zo ta kwanta a kai. Wannan cakuɗa tana cika ramukan nan, ta yi wa tsirkiya nauyi a wani wuri fiye da wani. Tsirkiya kuwa da karkarwa take ba da murya. In dattin ya hana ta karkarwa yadda ya kamata, sai zaƙin muryar ya tafi, ka ji tana cewa "dum-dum" kamar an rufe ta da bargo. Siririyar kuma, da zarar tsatsa ta ci wani gurbi a jikinta, nan ne za ta tsinke ran da ka fi bukatarta.

In kana son ka san halin da taka take ciki, ga gwaji mai sauƙi. Ka sa farin ƙyalle a ƙarƙashinta ka ja. In ya fito da baƙin layi, datti ne, akwai sauran magani. Ka shafa ƙarƙashinta da yatsa. In ka ji kaushi, ko 'yan lotsa-lotsa daidai inda take taɓa ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, to ta tsufa. Sannan ka danne ta a kan ƙarfe na 12: ya kamata ta ba ka irin muryar da take bayarwa a sake, sai dai a sama. In ta kauce duk da ka daidaita ɗauri, kuma a da ba ta yin haka, lokacin canji ya yi.

Kafin kaɗawa da bayan kaɗawa

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba ya cin ko sisi. Kafin ka ɗauki jita, ka wanke hannu da sabulu ka bar shi ya bushe sarai, don hannu mai laima shi ma ɓarna yake yi. In kana daji ruwa ya yi wuya, ɗan jiƙaƙƙen tsumma ya isa, ka bi da busasshe. Abin lura musamman shi ne bayan tatsa, bayan ba dabbobi gishiri ko kanwa, da bayan cin abinci mai maiƙo.

Da ka gama kaɗawa, kada ka ce sai gobe. Ka ɗauki busasshen ƙyalle na auduga, tsohon rawani mai tsabta ma ya yi, ka kama kowace tsirkiya da shi tsakanin yatsu biyu, ka ja daga jaki, wato 'yar gadar da tsirkiyoyi ke hawa a cikin jita, har zuwa saman wuya, sau biyu ko uku. Mutane da yawa saman kawai suke gogewa, alhali ƙarƙashin ne dattin ke taruwa. Sai ka zura ƙyallen tsakanin tsirkiyoyi da katakon wuya ka goge shi ma. Duka aikin bai kai minti 2 ba. Wannan ƙyalle ya zama na jita kaɗai, kada a goge kofin shayi ko babur da shi, kuma a riƙa wanke shi, don ƙyalle mai yashi karce yake yi.

In 'yan'uwa suna karɓar jitar hannu-hannu a wurin hira, ai ba a hana su ba, amma ka sani gumin mutum biyar ne ya hau ta. Ka goge kafin ka kwanta.

Abin da ba a shafa mata

Mun sha jin ana cewa a shafa man gyaɗa, ko man shanu, ko manja, wai don tsirkiya ta yi santsi. Kada ka yi. Man girki yana yin danƙo in ya daɗe, ya kama ƙura, ya ƙara toshe ramukan. Baƙin mai, kananzir da fetur kuwa suna iya ɓata fentin jita, su shiga katako. In datti ya yi yawa, ka ɗiga sifirit na kantin magani, wanda a Nijar ake ce wa alkol, a kan ƙyalle, ka goge tsirkiyar ƙarfe kaɗai, ka kiyaye kada ya taɓa fenti. Masu kaɗa goge sun riga kowa sanin wannan doka: ba a taɓa izga da hannu mai maiƙo, don in ta sha mai, ƙaro ba zai kama ta ba.

Wasu sukan kwance masu kaurin su tafasa su a ruwa kamar minti 10. Gaskiya ne tafasawa tana fitar da datti, muryar ta ɗan dawo na wasu kwanaki. Amma ba ta maganin tsatsa, ba ta mayar wa ƙarfe ƙarfin da ya rasa, kuma in ba a busar da su sosai ba kafin a mayar, sabuwar tsatsa za ta taso daga ciki. Dabara ce ta wanda kasuwa ta yi wa nisa, kuma ba a yi wa tsirkiyar roba.

Ajiya da tafiya

Kowane lokaci da irin tasa barazanar. Da hunturu ƙura ce, da bushewar da ke iya tsaga katako. Da damina laima ce. Da bazara kuma zafi ne: jitar da aka bari a rufaffiyar mota, ko aka ɗaure a saman kaya rana na dukanta, gam ɗin da ke riƙe da jaki yana iya yin laushi. Ka tuna tsirkiyoyin ƙarfe masu lamba 12 suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana.

Saboda haka, in ba ta da jaka, ka naɗe ta da zanen auduga. In za ka hau hanya mai ƙura, ka ƙara leda a kan zanen, amma da ka sauka ka cire ledar don kada laima ta taru. Kada ka jingina ta a ƙasa mai danshi, ko kusa da murhu inda hayaƙi da tururi ke tashi. Rataye ta a inuwa. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na rediyo, ka jefa biyu a jakarta da damina. In doguwar tafiya ce cikin zafi, ka ɗan sassauta ɗauri. Amma sassautawa da ɗaurewa kullum yana gajiyar da ƙarfe a wurin da yake lanƙwasa.

In ta tsinke, duba inda ta tsinke

Wurin tsinkewa yana ba da labari. In kullum a kan jaki take tsinkewa, akwai kaifi a wurin, a goge shi a hankali da takardar yashi mai laushi. In a wurin 'yan kunnuwan da ake murɗawa ne, ko dai bakin ramin yana da kaifi, ko naɗin ya hau kan juna. Naɗi 2 ko 3 a jere sun isa ga masu kauri, sirarran a ƙara musu kaɗan. In tana maƙalewa a tsagar da ke saman wuya har ka ji "ƙis" in kana murɗawa, ka goga bakin fensir a tsagar, zai sa ta riƙa zamewa. In kuwa a tsakiya ta tsinke, galibi tsatsa ce ko tsufa. Wajen canji, ka riƙa cire ɗaya kana mayar da ɗaya, kana ɗaurewa a hankali, fuskarka a kauce don kada ta tsinke ta same ka a ido.

Ga 'yan kasuwa

Ku da ke ɗauko kaya daga Kano ko Yamai zuwa Maraɗi, Konni, Damagaram da Agadas, tsirkiya kaya ce marar nauyi, amma tana lalacewa a ajiye. Ku bar ta cikin ledarta ta asali, a rufaffen gwangwani, nesa da buhun gishiri, kanwa, takin zamani da batirin mota. Ku fara sayar da wadda ta riga zuwa.

Ku tambayi mai saye wace irin jita gare shi, don iri uku ne. Ta lantarki tana son mai ruwan nikel, saboda maganaɗisun da ke ɗaukar murya ba ya kama tagulla sosai. Ta katako mai tsirkiyar ƙarfe tana son mai naɗin tagulla. Ta uku ta roba ce, wato nailan, kuma in aka ɗaura mata ta ƙarfe, jan ya kusan ninka wanda aka gina ta ta ɗauka, sai jaki ya ɓalle ko wuya ya lanƙwashe. Lambar da ke jikin kwali, 9, 10, 11 ko 12, kaurin siririyar take nufi: ƙaramar lamba ta fi daɗin dannawa, babba ta fi ƙarfin murya. Akwai masu rufin leda siririya, irin na Elixir, sun fi daɗewa amma sun fi tsada. Sunaye irin su D'Addario da Ernie Ball ana yawan kwaikwayon kwalinsu, don haka ku duba rubutu da hatimi, ku kuma guji wadda ke da ɗigon tsatsa tun tana sabuwa. Araha ba ta ado. Sannan ku tanadi sirarran nan ɗai-ɗai, don su ne suka fi tsinkewa, kuma makiyayi ba kullum yake da kuɗin sayen shida a haɗe ba.

Kai kuma ɗan'uwa da ka aiko da tambaya, in sun yi baƙi ne a hankali, daidai wuraren da yatsunka ke yawan sauka, to gumi ne da ƙura, kada ka zargi mai kanti. Ran da ka sake shiga kasuwa, ka sayi siririya 2 ta ajiya, ka ware ƙyalle guda, ka gwada abin da muka faɗa na wata uku, sannan ka aiko mana da labari. Allah ya albarkaci dabbobi, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun sake saduwa.