Yadda Ɗan Indiya Ke Neman Bizar Yawon Buɗe Ido Ta Intanet, Da Wuraren Da Ake Yin Kuskure

Akwai wani abokin aikina ɗan Indiya da muke rubuta manhaja tare ta intanet, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Kwanakin baya ya ce min zai tafi hutu Biyetnam, kuma a wayarsa zai nemi biza ba tare da ya taka ofishin jakadanci ba. Na roƙe shi ya nuna min fuskar wayarsa yayin da yake cike fom ɗin, saboda ina son ganin yadda aka gina tsarin. Abin da na gani shi ne dalilin wannan rubutu. Fom ɗin kansa ba shi da wahala, amma akwai ƙananan wurare guda huɗu ko biyar da idan mutum ya yi sakaci a cikinsu, kuɗinsa ya tafi, wani lokacin har da kuɗin jirgi.

Da farko a gane cewa ba kowane fom na intanet ba ne bizar intanet. Ɗan Indiya da zai je Amurka a intanet yake cike fom mai suna DS-160, amma dole ya je a yi masa tambayoyi gaba da gaba. Wanda zai je ƙasashen Turai na yankin Schengen sai ya je cibiyar karɓar takardu an ɗauki zanen yatsunsa. Bizar intanet ta gaskiya ita ce wadda ake yin komai a waya ko kwamfuta, tun daga cike fom da biyan kuɗi har zuwa karɓar takardar a matsayin fayil na PDF. Ba a manna komai a fasfo kafin tafiya.

Ƙasashe kuma sun bambanta a yadda suke mu'amala da fasfon Indiya. Nepal da Bhutan ba sa neman biza daga Indiyawa. Turkiyya tana ba su bizar intanet, amma da sharaɗin mutum yana riƙe da biza ko takardar zama mai aiki ta Amurka, Birtaniya, Ayalan ko ƙasashen Schengen. Kenya ta koma tsarin izinin shiga na intanet a Janairun 2024. Tailan da Maleshiya sun cire wa Indiyawa biza a ƙarshen 2023, sai dai duka biyun suna da katin isowa da ake cikewa a intanet kafin a sauka, kuma kyauta ne. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka shafin gwamnatin ƙasar ne abin dubawa a makon da za a nema.

Na zaɓi Biyetnam a matsayin misali saboda ita na gani da idona. Daga 15 ga Agusta 2023 ƙasar ta buɗe bizarta ta intanet ga 'yan dukkan ƙasashe, ta kuma tsawaita ta daga kwana 30 zuwa kwana 90. Kuɗin shiga sau ɗaya dala 25 ne, na shiga da fita sau da yawa dala 50. Yawanci ana samun amsa cikin kwanakin aiki uku. Kuɗin ba a mayarwa, ko an ba ka ko an hana ka. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne ya sa kowane kuskure a fom yake da tsada.

Shafin gaskiya da shafin 'yan tsakiya

Abu na farko da abokina ya yi shi ne rubuta buƙatarsa a Google, ya latsa sakamakon da ya fito a sama. Shafin ya yi kyau, ga tutar ƙasar, ga kalmomi irin na hukuma. Sai da ya kai wurin biyan kuɗi ya ga an rubuta masa kusan ninki uku na abin da ya karanta a baya. Talla ce ya latsa. Duk mai kuɗi zai iya biya a ɗora shafinsa a saman sakamakon bincike, da ɗan ƙaramin rubutu a gefe mai nuna cewa talla ce.

Wasu daga cikin irin waɗannan shafuka 'yan tsakiya ne kawai: su karɓi bayananka, su je shafin gwamnati su cike maka, su ɗora ladansu a kai. Wasu kuwa ba abin da za su cike, sun dai samu hoton fasfonka da lambar katin bankinka. Daga waje ba ka iya bambanta su.

Hanyar ganewa ita ce karanta adireshin shafin daga ƙarshensa. Na gwamnatin Biyetnam shi ne evisa.gov.vn. Abin da ke da muhimmanci shi ne wutsiyar da ke zuwa dab da alamar / ta farko, wato gov.vn, wadda hukumomin ƙasar kawai ake ba wa. Kowa zai iya sayen suna mai ɗauke da kalmar gov a tsakiya ya ƙare shi da com ko org, kuma kuɗin sayen bai taka kara ya karya ba. Alamar kwaɗo da ke jikin burauza ma ba shaida ba ce. Abin da take nufi kawai shi ne bayanan da ke tafiya tsakaninka da shafin a ɓoye suke, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ni kaina nakan saka wa shafukan da na gina wannan kwaɗon kyauta cikin 'yan mintuna.

Layuka biyu na ƙasan fasfo

Nan ne wurin da ya fi burge ni a matsayina na mai rubuta manhaja. Idan ka buɗe shafin fasfo mai hoto, a ƙasa za ka ga layuka biyu cike da haruffa, lambobi da alamar <. Ana kiransu MRZ, wato ɓangaren da na'ura ke karantawa. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ta tsara yadda za su kasance, kuma kowane layi yana da gurbi 44 daidai. Layin farko na fasfon Indiya yana farawa da P<IND, sai sunan iyali, sai alamar < guda biyu, sai sunan yanka. Layi na biyu yana ɗauke da lambar fasfo, ƙasa, ranar haihuwa, jinsi da ranar ƙarewar fasfon.

Bayan lambar fasfo da kowace kwanan wata akwai lamba ɗaya ta tantancewa. Ga yadda ake samo ta. A ce an haifi mutum ranar 15 ga Agusta 1998. Za a rubuta 980815, shekara, wata, rana. Sai a ninka lambobin ɗaya bayan ɗaya da 7, 3, 1, 7, 3, 1. Hakan zai ba da 63, 24, 0, 56, 3, 5, jimilla 151. Lambar ƙarshe ta jimillar, wato 1, ita ce ta tantancewa. Idan na'ura ta karanta 980518 bisa kuskure, jimillar za ta zama 133, ta ƙare da 3, nan take a gane akwai matsala.

Me ya sa na kawo wannan? Saboda na'urar da ke filin jirgi waɗannan layukan take karantawa, sannan ta kwatanta da abin da ke cikin bizarka. Fom ɗin da ka cike da hannunka ba shi da wannan kariya. Idan ka rubuta harafin O a maimakon sifili, ko ka juya lambobi biyu, shafin zai iya karɓa, jami'i ya amince, bizar ta fito da kuskuren a jikinta. Lambar fasfon Indiya da aka saba gani harafi ɗaya ce da lambobi bakwai, gajeriya ce, amma mutane na kuskurenta. Wasu shafukan sukan karanta hoton fasfon su cike maka guraben da kansu, kuma a nan ne mutum ya fi sakin jiki. Duk abin da shafin ya cike maka, bi shi harafi bayan harafi da fasfon a hannunka.

Maganar suna kuwa ta fi damun Indiyawa fiye da yawancin mutane. A kudancin ƙasar, musamman jihar Tamil Nadu, mutane da yawa ba su da sunan iyali irin na Turawa, harafin farko na sunan mahaifi suke sakawa gaban nasu. Don haka akwai fasfo masu yawa da gurbin sunan iyali yake fanko. Wanda ya gina fom yana tunanin kowa na da suna biyu, sai ya sa gurbin ya zama dole. Amurka takan rubuta FNU a bizar irin waɗannan mutane, ma'ana ba a san sunan farko ba. A Nuwamban 2022 kamfanonin jiragen Indiya suka sanar cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba za ta karɓi masu bizar yawon buɗe ido da ke da suna ɗaya tak a fasfo ba, kafin daga baya a sassauta. Abokina na cikin waɗanda wannan ya tsorata, shi ya sa da ya zo sabunta fasfo ya nemi a raba masa sunan gida biyu.

Mu ma nan muna da makamancin wannan. Mutum ɗaya sai ka ga Muhammad a katin banki, Mohammed a fasfo, Muhd a takardar makaranta. A fom ɗin biza, rubutun da ke fasfo shi ne sunanka, ko da ba haka kake son a rubuta ba. Kuma tunda bizar Biyetnam a buɗe take ga kowace ƙasa, mai fasfon Najeriya ko Nijar wannan fom ɗin zai tarar.

Hoto da biyan kuɗi

Hotuna biyu ake ɗorawa: na fuska da na shafin fasfo. Na fuskar ana son farin bango, fuska a miƙe, ba tabarau. Abin da ya kamata mai waya ya kula da shi shi ne nau'in fayil. iPhone takan ajiye hoto a tsarin HEIC, shafukan gwamnati kuwa JPG suka fi karɓa, sai an sauya. Idan wani ne ya ɗauke ka zai turo ta WhatsApp, ya turo a matsayin fayil, domin idan ya turo a matsayin hoto manhajar za ta matse shi. Shafin fasfo yana da sheƙi, don haka a kashe fitilar kyamara, a ɗauka kusa da taga da rana, kusurwoyi huɗun su fito, kuma layukan nan biyu na ƙasa su karantu tas.

Wurin biyan kuɗi ne abokina ya fi ɓata lokaci. A Indiya kusan komai da UPI ake biya, tun daga mai shayi har babban kanti, ta yadda matasa da yawa ba su cika taɓa katinsu ba. Shafin gwamnatin wata ƙasa kuwa kati yake so, irin Visa ko Mastercard. Sannan tun 2020 babban bankin Indiya ya umarci bankuna su riƙa ba da sababbin katuna a rufe ga cinikin intanet da na ƙasashen waje, sai mai katin ya shiga manhajar bankinsa ya buɗe da kansa. Sau biyu katin abokina ya ƙi, yana zargin shafin, ashe maɓalli ɗaya ne bai kunna ba. Bayan haka banki zai turo lambar sirri ta saƙon waya, don haka layin da ke haɗe da asusun ya kasance a hannu. Bankin kuma zai ɗora kuɗin canji, abin da za a cire zai ɗan haura dala 25.

Idan aka cire kuɗi amma shafin bai nuna an biya ba, kada a yi saurin sake biya. Sau da yawa saƙon tabbatarwa ne bai iso daga kamfanin karɓar kuɗi zuwa shafin ba tukuna. Na sha gyara irin wannan matsala a aikina. A ɗauki hoton fuskar wayar, a jira, sannan a duba matsayin takardar. Tun a farko shafin zai ba da lambar rajista, kuma da ita, haɗe da imel da ranar haihuwa, ake dubawa. Wanda bai adana ta ba ya sa kansa cikin wahala.

Kwanan wata da ƙofar shiga

Fom ɗin zai tambayi ranar da bizar za ta fara aiki. Ana iya shiga a ranar ko bayanta, amma ba kafinta ba. Agogon Biyetnam yana gaban na Indiya da awa ɗaya da rabi, kuma jirage da dama daga Delhi ko Mumbai da dare suke tashi. A duba ranar sauka a Hanoi ko Ho Chi Minh da agogon can. A ganina mafi sauƙi shi ne a sa ranar farawa ta riga ranar tafiya da kwana ɗaya ko biyu, tunda kwana 90 sun wadatar. Haka kuma za a zaɓi filin jirgi ko iyakar da za a shiga ta cikinta, don haka a tsayar da tikiti kafin a cike wannan gurbin. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Kwana ukun da aka ce na aiki ne, ba a lissafa Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Lokacin bikin sabuwar shekararsu ta Tet, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ofisoshi sukan rufe na kwanaki. Mai shirin tafiya a wannan lokacin ya nema da wuri.

Wanda zai fara duba bizar ma'aikacin kamfanin jirgi ne a filin tashi, tun kafin a kai ga jami'in Biyetnam. Kamfanoni suna amfani da rumbun bayanai na Timatic don sanin abin da kowace ƙasa ke buƙata daga kowane fasfo, kuma suna tsanantawa saboda idan suka kai fasinjan da aka ƙi karɓa, su ne za su dawo da shi, wani lokacin har da tara. Harafi ɗaya da ya saɓa ya isa a hana mutum hawa.

Bizar abokina ta fito a rana ta huɗu. Ya sauke fayil ɗin, muka bi shi tare da fasfon layi bayan layi, sannan ya je shagon buga takardu na unguwarsu ya buga kwafi biyu, ya sa ɗaya a cikin fasfo, ɗaya a jakar baya.