Tuba, Fansa da Kujerar Baya: Yadda Kirista Suka Fahimci Dawowar Mai Zunubi

Wani maƙwabcina, malamin makarantar allo, wanda muka shafe shekaru muna gaisawa ta kan katanga, ya taɓa tare ni da wata magana a dab da bikin Ista. Ya ce, "Malam, ku dai kun huta. An ce tun shekaru dubu biyu da suka wuce aka biya muku bashin zunubi. To me zai hana mutum ya sheƙe ayarsa, tunda an riga an biya?" Cikin raha ya faɗa, ni ma dariya na yi. Amma maganar ta kwana a raina, domin ba Musulmi kaɗai ke wannan zato ba. Akwai masu zuwa majami'a kowace Lahadi waɗanda rayuwarsu ke nuna haka suka ɗauki lamarin.

Ba muhawara ce ta kawo ni wannan shafi ba. Musulmi da Kirista sun saɓa a kan gicciyen Yesu Almasihu, kuma shafin jarida ba zai kawar da wannan saɓani ba. Sai dai mutanen da ke cin kasuwa ɗaya, suke zuwa wa juna gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, ya kamata kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya gaskata daga bakin mai shi, ba daga bakin 'yan tsurku ba.

Mu fara da kalmomin. Lokacin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, bayan doguwar wahalar da Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka sha, ba a ƙago baƙin kalmomi ba. Waɗanda ake amfani da su a gida da kasuwa aka ɗauko: ceto, fansa, tuba, gafara, alheri, sulhu. Bahaushe ya san ceto. Wanda ruwa ya ci ake ceto, ko wanda gobara ta rutsa da shi a ɗaki, kuma ba a taɓa jin wanda ke nutsewa ya kama gashin kansa ya tsamo kansa ba. A nan koyarwar Kirista ta kafa tushe. A wurinsu zunubi ba jerin laifuffuka ba ne kawai da za a goge da jerin kyawawan ayyuka. Wata karkata ce a cikin zuciya wadda ta raba mutum da Mahaliccinsa, har ya zama yana sanin daidai amma ƙafarsa na jan sa ga akasin haka. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da a yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana jayayya da mabiyan Filajiyus a kan wannan batu. Su suna cewa mutum na da ikon gyara kansa in ya ƙudura. Shi kuwa ya dage cewa Allah ne ke fara miƙo hannu, kuma ko niyyar tuban ma kyauta ce daga gare shi. Wannan kyautar da ba a cancanta ba ita Kirista ke kira alheri.

Kalmar fansa kuwa, abin takaici, ba ta bukatar bayani a Arewa ta yau. Babu garin da ba a san kuɗin fansa ba. Iyali kan sayar da gona da shanu don su karɓo nasu daga daji, kuma wanda ke ɗaure a can ba shi da abin da zai bayar sai jira. Kirista sun gaskata cewa mutuwar Almasihu da tashinsa daga matattu su ne farashin da aka biya aka kwance ɗan Adam. Amma misali yana da iyaka. Malaman farko sun yi ta tambayar wa aka biya, wasu har suka ce Iblis ne, sai Anselm na Kantabari ya zo a ƙarshen ƙarni na 11 ya yi watsi da wannan, yana mai cewa Iblis ba shi da wani haƙƙi a kan bayin Allah da za a biya shi. Abin da aka daidaita shi ne adalcin Allah da kansa, wanda ba ya kau da kai ga mugunta kamar ba a yi ba.

Wurin da koyarwar ta fi fitowa fili, a ganina, ba a littattafan malamai ba ne. A wani labari ne da Yesu ya bayar, wanda ke Bisharar Luka sura ta 15. Wani mutum yana da 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin ya nemi a ba shi gadonsa uban na da rai. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san nauyin wannan magana, domin daidai take da ce wa uba an gaji da jiran mutuwarsa. Uban ya raba. Yaron ya tattara ya shiga duniya, dukiya ta ƙare a sharholiya, yunwa ta faɗo wa ƙasar, ya ƙare a kiwon aladu, aikin da Bayahude ke ƙyama kamar yadda Musulmi ke ƙyamarsa. Da wuya ta yi wuya ya yanke shawarar komawa, ba a matsayin ɗa ba, a matsayin ɗan ƙodago. Ya ma tsara kalmomin da zai faɗa.

Abin lura shi ne ba a bar shi ya ƙarasa su ba. Uban ya hango shi tun daga nesa, abin da ke nuna idonsa na kan hanya tun ranar da yaron ya fita. Kuma ya ruga da gudu. Dattijo mai mutunci ba ya gudu a bainar jama'a, a can ƙasar Yahudiya ta wancan zamani ko a nan Zariya. Uban ya zubar da girmansa a titi don ya riga mutanen gari isa ga ɗansa, ya ɗauki kunyar da ya kamata ta hau kan yaron. Aka kawo riga mafi kyau, da zobe, da takalmi, aka yanka kiwataccen maraƙi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma wannan uba ya wuce nan: bai tsaya ga ƙin yankewa ba, zobe ya sa wa hannun.

To ga amsar maƙwabcina. Shin wannan lasisin yin zunubi ne? Manzo Bulus da kansa ya kawo wannan tambaya a wasiƙarsa ga Romawa, sura ta 6, ya kuma kore ta da kakkausar murya. Yaron da aka karɓa sai da ya bar aladun ya kamo hanyar gida, ba a aika masa da rigar can ba. Haka Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi kuɗi da guminsu talakawa. Yesu ya shiga gidansa kafin ya gyara komai, mutane suka yi ta gunaguni. Amma kafin a tashi daga wurin, Zakka ya yi alkawarin bai wa matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Karɓar ce ta zo da fari, mayar da haƙƙi ya biyo baya, kuma ba a raba su. Tuban da ya bar dukiyar marayu a aljihu tuban muzuru ne, ko da a gaban bagade aka yi shi. 'Yan Katolika da mabiyan Martin Luther sun yi ƙarnuka suna gardama a kan matsayin ayyuka a cikin ceto, tun daga 1517, har suka sa hannu a wata takardar fahimtar juna a Jamus a 1999. Ko a lokacin da gardamar ta fi zafi, babu ɓangaren da ya koyar da cewa a ci gaba da ɓarna tunda akwai gafara.

Sai dai labarin bai ƙare a kan ƙaramin ba, kuma nan ne ya fi taɓa mu. Babban wan ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Kada mu yi saurin zarginsa. Shi ya tsaya ya yi noma shekara da shekaru, ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ba, ga wanda ya cinye rabonsa ana masa biki. Uban ya fito wurinsa shi ma, ya lallashe shi. Labarin ya tsaya a nan, ba a gaya mana ko ya shiga ba.

Ikkilisiya ta tsinci kanta a bakin wannan ƙofa tun da wuri, kuma a nahiyarmu. A shekarar 250 Sarkin Rum Dishiyus ya ba da umarni kowa ya yi wa gumaka hadaya ya karɓi takardar shaida. Wasu Kirista suka ƙi, aka ɗaure su, aka kashe wasu. Da yawa suka yi hadayar, wasu kuma suka ba da toshiya aka rubuta musu takardar. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka zame suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa, ga kuma masu tabon bulala da matan da aka kashe wa maza zaune a ciki. A Rum, Nobashiyan ya ce kada a karɓe su har abada. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yanzu, Bishop Sifiriyan ya tara majalisa a 251, suka ɗauki hanyar tsakiya: a duba kowa gwargwadon laifinsa, a ɗora masa lokacin nuna tuba, amma kada a toshe masa hanya. Ra'ayin Nobashiyan bai yi rinjaye ba. Da ya yi, da an manta cewa Bitrus, babban almajiri, ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, kuma shi ɗin aka sake damƙa wa kiwon garken a bakin Tekun Galili.

Mu a yau tambayar ta zo mana da jini a jikinta. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a ƙarƙashin wata tsamiya a Garkiɗa a 1923, an san ta da koyarwar ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa. Ita ce kuma ta fi kowace ɗarika shan wuya a hannun Boko Haram. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a watan Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Daga 2016 gwamnati ta buɗe shirin sauya tunanin tubabbun mayaƙa a Malam Sidi ta Jihar Gombe, ana koya musu sana'a ana mayar da su cikin jama'a. Musulmi da Kirista na Borno da Adamawa da Yobe, waɗanda har yanzu wasunsu ba su koma gonakinsu ba, sun yi tambayar babban wan nan: mu fa?

Ina ganin masu wa'azi da ke gaggawar ce wa gwauruwa ta yafe sun yi wa koyarwar gurguwar fahimta. Gafarar Allah daban, yafewar wanda aka zalunta daban, hukuncin hukuma daban, amana kuma daban. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne, aka yi masa albishir da Firdausi, amma ba a sauko da shi daga gungumen ba. Kirista ba shi da ikon cewa wani ya yi nisan da alheri ba zai kai gare shi ba, ko da mai kisa ne, domin Bulus ma ya fara ne da farautar masu bi. Amma mu tuna cewa da Bulus ya zo Urushalima bayan tubansa, almajirai tsoronsa suka ji, sai da Barnaba ya tsaya masa. Ba a tilasta musu su amince da shi a rana ɗaya ba. Kuma uban da ya yi wa ƙaramin biki bai manta da babban a waje ba. Shirin da ya ba tubabbe keken ɗinki ya bar marayan da ya mayar maraya a sansani, rabin labarin ya karanta.

Akwai kuma laifinmu na cikin gida, wanda ba zan tsallake ba. A majami'u da yawa na Arewa, idan aka kama mutum da zunubi na fili, akan sa shi a horo: a sanar a gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji, a mayar da shi kujerar baya na wasu watanni. Asalin abin ba mugu ba ne, jikan shawarar Kartaj ne. Amma mai karatu ya leƙa kujerar ya ga su wa ke kanta. Galibi yarinya ce da ciki ya tona wa asiri. Wanda ya yi cikin sau da yawa yana cikin mawaƙa da rigarsa, wanda ya danne albashin ma'aikata kuma yana kujerar gaba, shi ake kira ya buɗe taron neman gudummawa.

Na taɓa halartar sujada a wata ƙaramar majami'ar ƙauye ranar da wa'adin wata irin wannan yarinya ya cika. Na saba ganin a bar mutum ya sulale ya koma wurinsa shiru, kamar sanarwar kunya ce kaɗai ta cancanci lasifika. A nan kuwa faston ya sauko daga mumbari, ya taka har ƙarshen ɗakin, ya kamo hannunta. Matan zumunta suka tashi da ganga da shantu suka rako ta gaba, jaririn na bayan wata tsohuwa. Ita aka fara miƙa wa gurasa a ranar. Na waiga na ga wasu dattawa biyu a gefen maza ba su tashi ba, hannuwansu a harɗe, har aka gama waƙar.