Ƙarin ruwa ba ya maganin kasala

Na gaji da jin wannan magana: "Jikina ba ƙarfi, bari in je kyamis a ƙara min ruwa." Mutum da ƙafafunsa, yana cin tuwo yana shan fura, amma ya je ya miƙe a benci a soke masa jijiya, wai leda biyu za su tashe shi.

Me ke cikin ledar? Ruwan sugan da aka fi sa wa mutane, mai rabin lita, giram 25 na gulukos ke ciki, wajen cokalin shayi shida. Kwalbar lemo ɗaya ta fi shi. Ruwan gishiri kuwa ko ɗigon suga babu.

Ko da sugan ya shiga jini, aiki bai fara ba tukuna. Sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halitta, a raba shi biyu, a miƙa shi ga wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, a ƙona shi sannu a hankali da iskar oksijin. Masanin kimiyya Hans Krebs ne ya bayyana zagayen wannan ƙuna a 1937. Abin da ke fitowa shi ne ruwa, da iskar da muke fesarwa, da ATP, kuɗin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke kashewa. In akwai oksijin, ƙwayar gulukos ɗaya na ba da ATP kusan 30. In babu, 2 kacal. Duk matar da ta taɓa hura wuta ta san murhun da iska ba ta shiga, ko ka tula masa itace hayaƙi zai yi.

Jini ne ke dakon wannan iska. Mai ciki da jininta ya yi ƙasa, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, itace suna da shi, iska ce ba ta isa. Mai ciwon suga kuma jininsa cike yake da gulukos, insulin da zai buɗe masa ƙofa ne ya gaza. A ɗura masa wani? Wannan ganganci ne, yana iya kai shi ga suma.



Don Allah, kuɗin ledar nan a kai su asibiti a auna jini, a auna suga, a duba zazzaɓi. A ci hanta, wake, zogale da alayyahu. Mai ciki ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba ta wurin awo, ta daina cusa su ƙarƙashin katifa. Ƙarin ruwa a bar wa irin wanda amai da gudawa suka ƙarar har ba ya iya riƙe ruwa a ciki, shi ma sai likita ya rubuta.