Kafin ka sayi tirelar kwana, fara auna filin da za ta tsaya

Duk wanda yake bin babbar hanyar da ta ratsa gefen McLeansville, inda titin 40 da na 85 suka haɗe a gabashin birnin Greensboro, zai shaida cewa da zarar an shiga watan Mayu ba a minti biyar wata a-kori-kura ba ta wuce tana jan farar tirelar kwana ba. Wannan tirela dai gida ce sukutum a kan taya, da gadaje da kicin da bayi da na'urar sanyaya ɗaki, wadda Amurkawa ke ja zuwa bakin teku ko kan duwatsu su yada zango da iyalansu a lokacin hutu. A shekarar 2021 kaɗai, lokacin da annobar korona ta sa mutane suka guji otal da jirgin sama, kamfanoni sun fitar da irin waɗannan gidaje na tafi-da-gidanka sama da dubu 600, mafi yawansu ƙirar yankin Elkhart na jihar Indiyana.

To mu ma a nan jihar Karolina ta Arewa abin ya fara shiga ran jama'armu. Iyayenmu da suka zo daga Nijar da Nijeriya da Gana tun shekarun 1990 yanzu sun kafu, wasu sun sayi gidaje masu fili a wajen gari, 'ya'yan da aka haifa a nan kuma sun girma, suna ganin abokan karatunsu na tafiya hutu, su ma suna tambaya. Magidanci mai 'ya'ya shida ko bakwai idan ya lissafa kuɗin ɗakuna biyu ko uku na otal, ga kuma wahalar samun abincin halal a hanya, sai ya ga ai tirela ce mafita, tunda uwargida za ta dafa tuwonta da miyarta, a yi salla cikin natsuwa, kowa ya kwana kusa da kowa. Wannan tunani yana kan hanya. Inda gizo ke saƙar shi ne, da yake mu masu yawan iyali ne, idonmu kan tafi kai tsaye kan tirelar da ta fi kowacce tsawo a wurin dillali, alhali kuwa tsawon nan shi ne zai rufe mana ƙofar wurare da dama.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya san cewa lambar da ake rubutawa a jikin tirela sau da yawa ba ita ce ainihin tsawonta ba. Yawanci tsawon ɗakin kawai take nufi, ban da ƙarfen gaba da ake jonawa da mota, ban da safayar taya ko tsani da ke baya. Tirelar da aka kira mai ƙafa 30 za ka iya auna ta ka samu ƙafa 34 ko 35. Idan ka haɗa da a-kori-kurar da ke janta, wadda ita ma takan kai ƙafa 19 zuwa 21, ka ga kana tafe da abin da ya haura ƙafa 50. Masu sansani kuwa ba ruwansu da sunan da kamfani ya raɗa wa kaya, abin da suke tambaya shi ne tsawo daga hanci zuwa wutsiya, kuma a wurare da yawa dole mota da tirela su shige cikin fili guda ba tare da taya ta hau ciyawa ko ta leƙo kan hanya ba.

Sai maganar faɗi. A kan titi tirela ba ta wuce ƙafa takwas zuwa takwas da rabi, amma manyan na iyali suna da ɗakunan da ke zamowa waje kamar aljihun tebur idan an tsaya, kowanne yakan ƙara ƙafa biyu zuwa uku. Idan akwai bishiya ko turken wutar lantarki a daidai wurin, ɗakin ba zai buɗe ba, kuma a wasu tirelolin idan bai buɗe ba, ko hanyar zuwa gadon yara ko firji ba za a samu ba. A ɗaya gefen kuma ga rumfar da ake warewa. Tsayi ma abin lura ne, domin rassan bishiya ba sa ragawa na'urar sanyi da ke kan rufi.

Me ya sa filayen suke da ƙanƙanta haka? Amsar tana cikin tarihi. Da yawa daga gandayen shaƙatawa na gwamnati an shimfiɗa su ne tun zamanin da mutane ke zuwa da ƙaramar mota da tanti. Gandun Hanging Rock da ke gundumar Stokes, tafiyar kamar awa ɗaya daga Greensboro, an kafa shi a 1936, matasan da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauka aiki lokacin matsin tattalin arziki ne suka gina shi. Wuri ne mai kyan gaske, ga ruwa mai zubowa daga dutse ga tafki, amma hanyarsa hawa ce mai lanƙwasa, kuma babban sansaninsa na iyali ba shi da wurin jona wuta ko ruwa a gindin fili. Haka ma sansanonin da ke kan hanyar nan ta duwatsu, Blue Ridge Parkway, babu wurin jona wuta, ga ramukan da hanya ke bi ta cikin dutse har 26, waɗanda 25 daga ciki a jiharmu suke, wasunsu gajeru ne ta gefe. Guguwar Helene ta watan Satumban 2024 ta yi wa wannan hanya mummunar ɓarna, don haka duk mai niyyar bin ta sai ya bincika halin da take ciki kafin ya kama hanya.

A babban gandun ƙasa na Great Smoky Mountains kuwa, hukuma ta ƙayyade tsawon a rubuce. Sansanin Smokemont na kusa da garin Cherokee yana karɓar tirela har mai ƙafa 35, shi kuwa na Deep Creek da ke kusa da Bryson City iyakarsa ƙafa 26. Ko a inda aka ce 35 ɗin, ba kowane fili ne ke kai haka ba, 'yan kaɗan ne, kuma su ake fara kamawa da zarar an buɗe rajista wata shida kafin ranar zuwa. Ke nan wanda ya sayi mai ƙafa 38 ya yi sallama da waɗannan wurare tun kafin ya bar gaban dillali.

Ba a ce babu inda babbar tirela za ta shiga ba. Gandun tafkin Jordan, shi ma tafiyar kamar awa guda ta kudu maso gabas, yana da filaye sama da dubu, da yawansu da ruwa da wuta. Kusa da gida akwai gandun Hagan-Stone a Pleasant Garden, da Oak Hollow a High Point. Sansanonin 'yan kasuwa kuma, irin su KOA da manyan na bakin teku a Myrtle Beach, suna da filayen da ake shiga ta gaba a fita ta gaba ba sai an yi ribas ba. Sai dai fa araha ba ta ado, waɗannan sun fi na gwamnati tsada nesa ba kusa ba, kuma wasunsu suna ƙara kuɗi a kan kowane mutum idan an wuce adadin da suka yanka.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafar mu, wato yawan kawuna. A gandayen jihar Karolina ta Arewa, haka ma a Great Smoky Mountains, ƙa'idar ita ce mutum shida a fili ɗaya. Ko da tirelarka na da gadon mutum goma, idan ku tara ne, ga Baba ga Mama ga yara shida ga Kaka da ta zo ganin jikoki daga Maradi ko Kumasi, fili ɗaya ba zai ɗauke ku ba. Dole a kama biyu maƙwabtan juna, ko a nemi filin ƙungiya, wanda shi kuma sau da yawa na masu tanti ne kawai. Tunda haka ne, mene ne amfanin ƙarin ƙafa takwas ɗin da aka biya dubban daloli a kai? Matsakaiciyar tirela mai ƙafa 26 zuwa 30 da gadaje masu hawa biyu za ta ɗauki iyaye da 'yan mata da ƙanana, samari kuma su kafa tantinsu a fili na biyu. Wannan ma ya fi dacewa da tarbiyyarmu ta raba makwancin yara idan sun tasa.

Akwai kuma batun wuta. Turken sansani iri biyu ne, mai amfiya 30 da mai amfiya 50. Na farko yana ba da wat 3,600, na biyu kuwa har wat 12,000. Babbar tirela mai na'urar sanyi biyu tana buƙatar na biyun, idan kuwa aka jona ta a ƙarami, to da an kunna sanyi da tukunyar shinkafa da butar shayi lokaci guda wuta za ta ɗauke. Wanda ya san zafin Yuli a wannan jiha ya san ba abin wasa ba ne, balle da jariri ko tsohuwa a ciki.

Uwa-uba kuma shi ne nauyi, domin nan maganar rai ce. Dillali zai nuna maka nauyin da motarka za ta iya ja, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne nauyin da za ta iya ɗauka a kanta, wanda ke rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela yana sauka ne a kan bayan mota. Tirela mai laba 8,000 za ta ɗora wa mota laba 800 zuwa 1,200, kafin mutum bakwai su shiga da kayansu. Ruwa kansa kowane galan ya haura laba takwas. Motar da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta gabanta yakan yi sama, birki ya ragu, tirela ta riƙa lilo idan babbar mota ta wuce. Dokar jiha ta wajabta birki a kan irin wannan tirela, don haka sai an sa wa mota na'urar da ke sarrafa shi. Ƙannena matasa, mu da ake miƙa wa makulli idan Baba ya gaji, kada mu hau babban titi sai mun koyi ribas da kwana a fili wanda babu kowa.

Kada kuma a manta da inda za ta kwana sauran watannin shekara. Masu zama a gefen McLeansville da ke da filin bayan gida sun huta, amma unguwanni da dama masu ƙungiyar masu gidaje suna hana ajiye tirela a ƙofar gida, sai dai a kama wurin ajiya ana biya duk wata.

Shawarata ga iyayenmu da yayyenmu ita ce, a fara zama da iyali a rubuta wurare huɗu ko biyar da ake son zuwa, a duba tsawon filayensu da ƙa'idarsu ta yawan mutane, a buga waya a tambayi faɗi da irin wutar da ke akwai. Sannan a yi hayar tirela na kwana biyu a gwada a Hagan-Stone ko tafkin Jordan. Ranar da za a je wurin dillali kuwa a tafi da tef na awo a aljihu, a auna da hannu, a buɗe ɗakunan a rufe a gani. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya tsare mana hanya, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, amin.