Horar da Malaman Daji kan Kula da Nau'o'in Halittu Kafin a Fara Manyan Ayyuka a Yankin Funtua da Malumfashi

Yankin Funtua da Malumfashi, wanda ya haɗa da ƙananan hukumomi irin su Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Faskari, Dandume, Sabuwa da Ƙanƙara, shi ne rumbun abinci na Jihar Katsina. Ana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kuma ana noman masara, dawa, auduga, waken soya, shinkafa, rake da tumatir. Albarkar ƙasar ce ta sa ayyukan raya ƙasa suke yawan zuwa yankin, tun daga Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, har zuwa tashar sauke kaya ta tudu da aka buɗe a Funtua a 2024. Kowane aiki, hanya ce ko madatsar ruwa ko babbar gona, yana cin fili, kuma a kan filin nan akwai itatuwa, tsirrai, tsuntsaye da ƙwari waɗanda noma da kiwo suka dogara da su. Don haka ne ake bukatar malamin daji ya samu horon da zai sa ya iya faɗin abin da za a rasa tun kafin katafila ta shiga.

Abin da doka ta tanada

A 1988 aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Wannan lamari ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar, sannan a 1992 ta kafa Doka ta 86, wadda ta wajabta nazarin tasirin aiki a kan muhalli kafin a fara duk wani babban aiki, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa. Tun daga 1999 Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba rahoton wannan nazari tare da ba da izini, kuma ma'aikatun jihohi da ƙananan hukumomi suna shiga cikin dubawar.

Dokar ta lissafa ayyukan da tilas a yi musu cikakken nazari. Daga cikinsu akwai mayar da dajin da ya kai hekta 500 gona, gina madatsar da ruwanta zai mamaye hekta 200, janye ruwan fadama ko mazaunin namun daji mai faɗin hekta 100, aikin noman rani mai hekta 5,000, da duk aikin gona da zai tayar da iyalai 100 daga matsuguninsu. Mai aikin ne ke ɗaukar ƙwararrun da za su rubuta rahoton. Sau da yawa ƙwararrun nan baƙi ne, kwanaki kaɗan suke yi a wurin su koma. Malamin daji kuwa yana nan rani da damina, don haka abin da ya gaya musu, ko ya kasa gaya musu, yana shiga cikin hukuncin da za a yanke.

Mene ne bambancin halittu?

Ana nufin yawan nau'o'in abubuwa masu rai a wuri guda da yadda suke dogaro da juna. Abin hawa uku ne. Akwai bambanci tsakanin nau'i da nau'i, kamar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. Akwai bambanci a cikin nau'i ɗaya, kamar kaura da farafara a dawa. Akwai kuma bambancin mazauni, kamar fadama, kurmin bakin rafi, tsauni da jigawa. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare bambancin halittu a taron Riyo na ƙasar Barazil a 1992, ta tabbatar da ita a 1994. Sashe na 14 na yarjejeniyar ya bukaci ƙasashe su riƙa duba illar ayyuka ga halittu, kuma a 2006 ƙasashen suka amince da ƙa'idojin yin hakan a taron birnin Kuritiba.

A kudancin Katsina, halittun ba a gandun daji kawai suke ba. Akwai dajin Kogo a Ƙaramar Hukumar Faskari, wanda yake cikin dazuzzuka goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun ƙasa. Amma kaso mai yawa na arzikin yana cikin gonaki, fadamu, burtali da makiyaya, inda manoma suka bar itatuwa masu amfani tun kaka da kakanni.

Ƙirga itace don diyya daban, nazari daban

Makarantu irin su Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos da takwararta ta Afaka a Kaduna sun daɗe suna yaye ma'aikata masu sanin renon dashe, auna katako da kare iyakar gandu. Idan aiki ya zo, abin da aka saba kiran malamin daji ya yi shi ne ƙirga itatuwa masu amfani domin a biya diyya. Wannan haƙƙin mai gona ne, kuma wajibi ne a biya shi. Sai dai diyya tana biyan mutum ɗaya ne sau ɗaya. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, don haka matan da ke yin man kaɗe sun rasa sana'a ta tsawon wannan lokaci, kuma sunansu ba ya cikin takardar diyya. Jemage da ƙudan zuma ne ke barbarar furen ɗorawa. In aka sare kurmin da suke kwana, ɗorawar da ba a taɓa ba ma za ta rage 'ya'ya, kalwa ta yi tsada, mai daddawa ta ji a jikinta.

Abubuwan da horon ya kamata ya ƙunsa

Na farko shi ne gane nau'o'in da ke cikin haɗari. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017 saboda yawan sara. Kaɗanya da maɗaci suna cikin jerin itatuwan da masana suka ce suna fuskantar barazana. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, an sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a 2015. Malamin daji ya iya gane su da sunansu na Hausa da na kimiyya, ya rubuta inda suke da na'urar nuna wuri, ya ɗauki hoto.

Na biyu shi ne sanin lokaci. Wanda ya ziyarci fadama a watan Maris zai ga busasshiyar laka ya rubuta cewa babu komai, alhali gaiwa tana kwance a ƙarƙashinta tana jiran ruwa. Shamuwa sai farkon damina take zuwa ta yi sheƙa, wasu tsuntsayen ruwa kuma da rani suke zuwa daga Turai. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi suka fi bukatarsa. Saboda haka jami'i ya tsaya a kan a duba wuri a rani da damina duka.

Na uku shi ne duban abin da ke gaba da iyakar aikin. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtua ya faro, don haka abin da aka yi wa rafukan yankin yana kaiwa ga jama'ar Zamfara da Sakkwato. Darasin yana nan kusa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a Jihar Kano, ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suka yi asara a nesa da inda aka yi ginin. Haka kuma, ƙananan ayyuka da ba su kai adadin da doka ta ambata ba, kamar wurin fasa dutse, haƙar farar ƙasa a yankin Ƙanƙara, ramin ɗibar jar ƙasa ko gona mai hekta 100, in suka taru a wuri ɗaya ɓarnarsu takan kai ta babban aiki. Jami'in da ke ajiye bayanai shekara da shekara ne zai iya nuna wannan.

Na huɗu shi ne jerin matakan kariya. A fara da kauce wa ɓarna, misali a karkatar da hanya ta bar kurmi ko burtali. In hakan bai yiwu ba, a rage ta, kamar a guji sara lokacin da tsuntsaye ke sheƙa. Bayan aiki a gyara wurin, a cike ramuka. Musanya ita ce ta ƙarshe. A nan a lura cewa dashen bedi ko turare dubu ba zai maye gurbin ɗorawa da kanya da ɗinya ba, domin amfaninsu ga mutane da dabbobi ba ɗaya ba ne. A dasa irin abin da aka sare, a kuma rubuta wanda zai yi renonsa.

Na biyar shi ne sauraron jama'a. Mafarauta, makiyaya, masu maganin gargajiya, masu ɗiban zuma da matan da ke tsintar kaɗanya sun san abin da babu shi a taswira. Wannan ya ƙara muhimmanci a wuraren da matsalar tsaro ta hana baƙin ƙwararru shiga daji. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan da jami'o'in da ke koyar da ilimin daji suna da masanan da za su iya ba da irin wannan horo.

Abin da ya rataya a kan jama'a da shugabanni

Idan an kammala rahoto, ana ajiye shi na kwanakin aiki 21 a wuraren da aka sanar, ciki har da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, domin kowa ya duba ya ba da ra'ayinsa a rubuce. Rahoton da Turanci ake rubuta shi, saboda haka yana da kyau shugaban sashen aikin gona da malamin daji su karanta shi, su yi wa hakimi, dagatai da masu unguwanni bayani da Hausa kafin wa'adin ya cika. Manomi ko makiyayi yana da damar tambayar ko an ambaci fadamarsu da burtalinsu, a wane wata aka zo dubawa, kuma me aka yi alkawarin dasawa. In an ba da izini, a ajiye kwafin sharuɗɗan a ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma, malamin daji ya riƙa zagayawa yana gwada abin da aka rubuta da abin da ake yi, ya kai rahoton duk wata saɓawa ga Ma'aikatar Muhalli ta Jiha.