Taskace Sautin Jita a Wayar Hannu

Haƙiƙa duk makaɗin jita ya san cewa karin da ya faɗo masa da tsakar dare, muddin bai taskace shi nan take ba, kafin asuba ya bi iska. Don haka manhajar da ta fi fa'ida ita ce mai buɗewa da taɓawa ɗaya, irin su Voice Memos ta iPhone. Kamfanin Apple ya fitar da Music Memos a 2016, wadda ke gane saurin kiɗa ta ƙara masa ganguna, amma ya janye ta a 2021. Mai muradin ɗora sauti bisa sauti kuwa, BandLab ta wadatar da shi. Sharaɗi dai a kashe fanka, a nisanta wayar kaɗan daga ramin jitar, domin kusantarsa kan sa sautin ya yi gunji.