Intanet Na Gida Yana Jan Ƙafa? Duba Lambobin Tukuna

Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, ɗan'uwa, ka fara da lissafi. Kamfani yana auna gudu da megabit, wayarka kuwa takan nuna megabait, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Ke nan layin megabit 8 ba zai wuce megabait 1 a daƙiƙa ba. Ba cutarka aka yi ba.

Sa'an nan ka buɗe shafin akwatin intanet ɗin, wato rauta. A yawancin na'urorin 4G na Huawei adireshin shi ne 192.168.8.1. Nemi RSRP, ma'aunin ƙarfin sigina: -80 ya yi kyau, -110 kuwa ya raunana ƙwarai. SINR yana nuna yadda sigina ta rinjayi hayaniyar iska; 20 madalla, ƙasa da 5 sai haƙuri.

Rufin kwano da katanga mai kauri sukan tare sigina. Ka kai rautar bakin tagar da ke fuskantar turken sadarwa, ka sake dubawa. In lambobin suna da kyau amma gudun yakan faɗi bayan magariba kaɗai, cunkoso ne a turken. Sai ka bar sauke manyan fayiloli sai da asuba.